Abin da ke sa kwamfuta ta ƙi ganin rikoda, da yadda ake shawo kanta

Baƙon da aka daɗe ana nema ya zauna, rabin awa kacal ya bayar, an jona rikoda da kwamfuta, sai manhajar naɗi ta ce ba ta ga wata na'ura ba. Wakilan gidajen rediyo sun san wannan tashin hankali, haka ma masu shirya fodkas da ɗaliban da ke naɗar karatun malamai domin aika wa 'yan'uwa na nesa. Da yawa kan ɗauka na'urar ce ta mutu, har su sayi sabuwa, alhali sau tari lafiyarta ƙalau.

Abin da ya kamata a fara tuhuma shi ne kebul. Cikakken kebul ɗin USB 2.0 yana da siraran wayoyi huɗu a cikinsa, biyu na kai wuta, biyu na kai bayanai. Amma akwai masu araha da aka yi don caji kaɗai, babu wayoyin bayanan a ciki. Da irin wannan, fitilar rikoda za ta kama, mai ita ya saki jiki, kwamfuta kuwa ba ta san an jona mata komai ba. Da wuya ido ya bambance su. Gwajin mai sauƙi ne: a jona wayar salula da shi, idan an kasa ɗauko ko da hoto ɗaya daga wayar, to a nemi wani kebul.

Sai batun wuta. Bisa ƙa'ida, kafar USB 2.0 tana ba da miliamfa 500, ta USB 3.0 kuma 900. Idan aka bi ta ƙaramin akwatin nan mai kafofi da yawa wanda ba shi da wutar kansa, duk abin da aka soka masa daga wannan ɗan rabon zai ci. Shi ya sa na'ura kan bayyana, sannan ta ɓace ana tsakar hira. A jona ta kai tsaye da jikin kwamfuta.

Rikodar hannu irin su Zoom H4n da H5 suna da nasu hali. Idan an jona su, sai an zaɓa musu ko su zama ma'ajiyar fayil ko mashigar sauti. Wanda ya zaɓi na farko zai ga tsofaffin naɗe-naɗensa, amma murya ba za ta shiga ba.

Wani lokacin kuma kwamfuta ta ga na'urar, sai dai naɗin ya fito shiru. A nan galibi izini ne. Tun shekarar 2018 Windows 10 da macOS Mojave suka tsaurara matakan sirri, ta yadda manhaja ba ta sauraron makirfo sai an ba ta dama a sashen sirri na saituna. Matakin yana da kyau, domin yana hana leƙen asiri, ko da yake manhajoji da dama ba sa faɗin dalilin shirun. Ita kuma Audacity, lokacin buɗe ta ne take duba na'urorin da ke jone. Wadda aka soka daga baya sai an sa ta sake dubawa, ko a rufe ta a buɗe.

Idan murya ta fito da sauri ko tana jan ƙafa, ko ana jin ƙas-ƙas, a duba yawan ɗaukar sauti a daƙiƙa. Faifan CD yana amfani da 44,100, aikin bidiyo kuma 48,000. Rikoda da kwamfuta da manhaja su tsaya kan adadi guda.

Gunjin da ke bin bayan murya kuwa daga wutar lantarki yake shigowa: zagaye 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar da Ghana da Birtaniya, 60 a Amurka da Saudiyya. A zare cajar kwamfuta ta koma kan batir. Idan gunjin ya ɗauke, a yi naɗin haka nan, a mayar da cajar bayan baƙo ya tashi.