Nauyin Mai Zanen Gini Wajen Kare Lafiyar Ma'aikata: Misali Daga Tamanrasset

1.0 Gabatarwa

Garin Tamanrasset yana cikin duwatsun Ahaggar a kudancin Aljeriya, kimanin kilomita 400 daga In Guezzam da ke kan iyakar Nijar. Mutanen Nijar da dama, ciki har da Hausawa, sukan je can neman kuɗi, kuma aikin da suka fi samu shi ne leburanci a ƙananan gine-gine: gida, shago ko ƙarin bene. Wannan takarda za ta nuna cewa haɗarin da ke samun lebura sau da yawa tun wurin zane aka shuka shi.

2.0 Wane ne Mai Zane?

A nan, kalmar "zane" ba ta nufin adon bango. Tana nufin tsarin gini: tsawonsa, zurfin harsashinsa da kayan da za a yi shi da su. Mai zane shi ne ya tsara, magini ko birkila ya ɗora bulo, lebura kuma ya kwaɓa siminti ya ɗauko kaya. A ƙaramin aiki waɗannan matsayi sukan cakuɗe. Idan mai gida ya ce a ƙara hawa ɗaya, ko birkila ya rage rodi a ginshiƙi, to sun taɓa zane ke nan. Dokar Birtaniya ta 2015 kan tsara gine-gine ta ɗauki duk wanda ya shirya zane ko ya sauya shi a cikin sana'arsa a matsayin mai zane.

3.0 Abin da Doka ta Tanada

Yarjejeniya mai lamba 167 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1988, ta ce masu zane su lura da lafiyar ma'aikatan gini. Aljeriya ta amince da ita a 2006. Kafin nan, girgizar ƙasar Bumardas ta Mayun 2003 ta hallaka mutane fiye da 2,000. A 2004 aka gyara dokar tsara birane, aka wajabta cewa ginin da ke buƙatar izini sai mai zane da injiniya sun tsara shi tare. Wata doka ta Janairun 2005 kuma ta umarce su da su sa matakan rigakafi tun a cikin tsarin aikin. Har wa yau, dokar mu'amala ta ƙasar ta ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin rushewar gini har tsawon shekara 10.

4.0 Matakai Uku

Na farko shi ne kawar da haɗari. Ruwan sama kaɗan ne a Tamanrasset, amma idan ya sauka a kan duwatsu, ƙorama busasshiya takan cika nan take. Mai zane da ya janye gida daga bakin ƙorama ya kawar da haɗarin gaba ɗaya.

Na biyu shi ne rage abin da ba ya kawuwa. Faɗowa daga sama na cikin manyan abubuwan da ke kashe ma'aikatan gini. Saboda haka a tsara cewa za a gina matattakala da wuri domin a rage hawa tsani, a kuma yi wa rufin soro rawani mai tsawo, musamman inda za a riƙa hawa gyaran tankin ruwa. Ramin harsashi a ƙasa mai rairayi yakan rufta, don haka a nuna inda za a tokare shi.

Na uku shi ne sanarwa. Idan akwai wayar lantarki kusa, ko tsohuwar katangar maƙwabci da haƙa zai iya girgizawa, a rubuta a jikin zanen, a kuma tabbata bayanin ya isa kunnen ma'aikata da harshen da suke ji.

5.0 Kammalawa

Leburan da ake biya kullum, wanda wani lokaci ba shi da takardun zama, ba ya iya cewa rami ya yi zurfi, domin yana tsoron rasa aikin gobe. Mai zane kuwa yana iya gyara wannan da alƙalami kafin a sari ƙasa. Hausawa sun ce, tun ran gini, tun ran zane.