A'isha Falatiya: 'Yar Malam da Ta Buɗe wa Mata Ƙofar Rediyon Umdurman

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar mawaƙa mata na Hausa, waɗanda sukan fara faɗo wa ɗalibi a rai su ne masu kiɗan amada irin su Barmani Coge da Uwaliya Mai Amada, ko kuma zabiyoyin fada. Ba kasafai ake waiwayar 'ya'yan Hausawan da suka yi ƙaura zuwa gabas ba, alhali kuwa daga cikinsu aka sami mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon ƙasar Sudan. Sunanta A'isha Musa Ahmad, amma an fi saninta da A'isha Falatiya (1905-1974). Wannan takarda za ta bi rayuwarta da sana'arta, domin a ga yadda ta ɗauko waƙar mata daga tsakar gidan biki ta kai ta faifan garmaho, daga nan kuma ta shigar da ita rediyo, da irin tsadar da ta biya kafin hakan ta tabbata.

2.0 Hausawa a Sudan da Ma'anar Kalmar Fallata

Tun kafin zuwan mota da jirgin sama, hanyar hajji ta ƙasa daga ƙasar Hausa ta bi ta Barno da Wadai da Darfur, ta tsallaka kogin Nilu, ta dangana da gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin mahajjaci yakan yada zango ya yi noma ko koyarwa ya tara guzuri. Da yawa daga cikinsu, a tafiya ko a dawowa, sun yi zamansu a Sudan. Wannan ƙaura ta ƙaru bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Haka kuma gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 sun jawo ƙarin 'yan ƙwadago daga yamma.

Mutanen Sudan suna kiran duk waɗannan baƙi da suna ɗaya, wato Fallata. Asalin kalmar sunan da Barebari ke kiran Fulani ne, amma a Sudan ta haɗa Hausawa da Fulani da Barebari baki ɗaya. Sau da yawa akan faɗe ta da raini, ana nufin baƙo ɗan ƙwadago wanda ba ɗan ƙasa ba. Falatiya kuwa ita ce siffar mace ta wannan kalma. Ke nan laƙabin da A'isha ta shahara da shi tun farko tambarin baƙunta ne.

3.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi A'isha a 1905 a yankin Kasala da ke gabashin Sudan, kusa da iyakar Iritiriya ta yau. Mahaifinta malami ne ɗan asalin ƙasar Sakkwato, wanda hanyar hajji ta kawo shi Sudan ya zauna. Daga baya iyalin suka koma Umdurman, birnin da ke fuskantar Hartum a yammacin kogin Nilu. Hartum ita ce mazaunin gwamnatin haɗin gwiwar Ingila da Masar, Umdurman kuwa, tsohuwar hedikwatar Mahadi, ita ce cibiyar kasuwanci da malanta da waƙoƙin 'yan ƙasa.

A nan mahaifinta ya buɗe makarantar allo, wadda mutanen Sudan ke kira halwa, kuma a gabansa A'isha ta koyi karatun Alƙur'ani da hadda. Wannan karatu shi ne horon murya na farko da ta samu. Mai koyon tilawa dole ya iya fitar da kowane harafi daga mafitarsa, ya san inda ake jan sauti da inda ake tsayawa, ya iya riƙe numfashi, ya kuma saba da hardace dogon nassi. Duk waɗannan abubuwa ne da mawaƙi ke bukata, musamman wanda zai rera baitocin da wasu suka rubuta masa.

4.0 Matakin Farko: Gidan Biki

Tana da kimanin shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki, har ta yi suna a Umdurman. Bikin aure a tsakiyar Sudan yana da shagulgulan mata zalla, kamar daren lalle da rawar amarya, inda zabiya ke rera waƙa ana kaɗa mata dalluka, wata 'yar ganga ta yumɓu mai baki ɗaya. A wajen shekarun 1930 wani salon kiɗa mai sauri da ake kira tumtum ya bazu a birane daga bakin matan talakawa, kuma da irin waɗannan waƙoƙi na soyayya aka fi sanin A'isha.

Sai dai sana'ar ba ta da daraja a idon jama'a. Ana son waƙar, ana gayyatar mai yin ta, ana ba ta kuɗi, amma ba a ɗaukar ta macen da ta dace da gidan mutunci. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin a ƙasar Hausa ma roƙo da malanta ba su cika zama inuwa ɗaya ba, kuma 'yar malam da ta zama zabiya, cewa za a yi albasa ba ta yi halin ruwa ba. Mahaifinta bai yarda ba, ya aurar da ita don ya raba ta da waƙa. Auren bai wuce shekara biyu ba ya mutu, ta koma sana'arta. Daga baya ta sake aure, ta haifi ɗa namiji.

Yana da kyau a kwatanta ta da Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975. Ita ma 'yar limamin ƙauye ce, ita ma da karatun Alƙur'ani ta fara. Bambancin shi ne mahaifin Ummu Kulsum da kansa yake yawo da ita wuraren waƙar yabon Annabi, ita kuwa A'isha sai da ta saɓa wa nata mahaifin kafin ta sami hanya.

5.0 Mataki na Biyu: Faifan Garmaho

A wancan zamani duk mawaƙin Sudan da ke son a ɗauki muryarsa sai ya tafi Alƙahira. Manyan mawaƙa maza na salon da daga baya aka raɗa wa suna haƙiba, irin su Halil Farah da Muhammad Ahmad Sarur da Abdulkarim Karoma, ta wannan hanya suka bi. A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji muryar A'isha, aka kai ta Alƙahira ta yi waƙoƙi da dama. Da faya-fayan suka iso Sudan, sai suka zama abin saurare a shagunan shan gahawa.

Muhimmancin wannan mataki shi ne, shagon gahawa wurin zaman maza ne, inda mace mai kamun kai ba ta shiga. Faifai ya raba murya da mai ita: muryar ta shiga inda jikin ba ya iya shiga. Mazan da ba su taɓa halartar rawar amarya ba suka saba da jin waƙar mace a bainar jama'a, ba tare da sun haɗa ido da ita ba.

6.0 Yaƙin Duniya na Biyu

A watan Yuli na 1940 sojojin Italiya suka kama Kasala, garin haihuwarta, aka kuma ƙwato shi a watan Janairu na 1941. Rundunar Tsaron Sudan, wadda aka kafa a 1925, ta yi yaƙi a ɓangaren Ingila a Iritiriya da Habasha, daga baya kuma a hamadar Libiya. A'isha tana cikin mawaƙan da aka riƙa kaiwa sansanonin soja domin su ɗebe wa mayaƙa kewa. Waƙarta da ta fi shahara a wannan lokaci ita ce wadda ake kira Yiju Ayidin, wadda fata ce da addu'ar sojoji su dawo gida lafiya. Waƙar ta yi magana da bakin uwaye da matan aure da 'yan matan da aka bari a gida, saboda haka ta ba A'isha wani matsayi da ya wuce na zabiyar biki.

7.0 Mataki na Uku: Rediyon Umdurman

Yaƙin ne kuma ya haifar da gidan rediyo. Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe shi a 1940 a wani ɗaki na gidan waya na Umdurman, domin yaɗa labaran yaƙi, jama'a kuma sukan taru gaban lasifika su saurara. Da aka ga labarai kaɗai ba za su riƙe masu saurare ba, sai aka shigo da waƙa. A 1942 A'isha ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a wannan gida, tare da 'yar'uwarta Jiddawiya, wadda ke kaɗa udu, wato molon Larabawa.

Masu saurare sun yi na'am, amma masu ra'ayin riƙau sun yi ca a kanta, wasu mawaƙa maza kuma suka ƙaurace wa gidan rediyon don nuna rashin amincewa. Ƙiyayyar ta zo mata ta fuska biyu, ta jinsi da ta asali: ga ta mace, ga ta Bafallata. Abin ya kai har ta yi tunanin barin Sudan ta koma Nijeriya, ƙasar kakanninta. Amma zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Farin jininta wurin jama'a ya fi ƙarfin ƙauracewar, har daga baya ta riƙa yin waƙar amsa-amsa da mawaƙa maza a gidan da aka so hana ta shiga.

Ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960, ta bar waƙoƙi sama da 150, mafi yawansu na Rediyon Umdurman. Ta yi waƙa da Larabcin Sudan da kuma Hausa. Galibin baitocin soyayyar da ta rera maza ne suka rubuta su, amma ta yi waƙoƙin siyasa, an kuma san ta da goyon bayan haƙƙin mata da na ma'aikata da neman 'yancin kai, wanda Sudan ta samu ranar 1 ga Janairu, 1956. Shigarta rediyo ta riga kafa Ƙungiyar Matan Sudan ta 1952 da shekara goma, ta kuma riga zaɓen Fatima Ahmad Ibrahim a matsayin mace ta farko a majalisar dokoki a 1965 da shekara 23. Ta rasu a Umdurman a watan Fabrairu na 1974.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kowane mataki da A'isha ta taka ya faɗaɗa da'irar masu jin muryar mace: gidan biki na mata ne, faifai ya kai ta ga maza, rediyo ya kai ta ga ƙasa baki ɗaya. Mawaƙa mata da suka biyo baya sun tarar da ƙofar a buɗe. Laƙabin Falatiya kuma, wanda ake jifan baƙi da shi, a kanta ya koma sunan girmamawa.

Gidan rediyon da ya adana yawancin waƙoƙinta ya faɗa hannun dakarun RSF lokacin da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, sojojin gwamnati ba su karɓe shi ba sai a watan Maris na 2024, abin da ya jefa taskar muryoyin da ke cikinsa cikin haɗari. Wannan ya ƙara nuna bukatar ɗaliban adabin baka su tattara waƙoƙinta, musamman na Hausa, su rubuta su, su kuma nazarce su a matsayin wani reshe na waƙar Hausa da ya tsiro a bakin kogin Nilu.