3.4 Amfani da Taswirar Ƙaramar Hukuma ta Intanet a Ingila

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda mazauna Ingila suke amfani da taswirar da ƙananan hukumominsu suke sanyawa a intanet domin gano wuraren amfanin jama'a. Idan aka ce wuraren amfanin jama'a, ana nufin makarantu da ɗakunan karatu da filayen shaƙatawa da wuraren zubar da shara da kuma ban-ɗakunan jama'a.

Ita wannan taswira an gina ta ne hawa-hawa. A ƙasa akwai zanen tituna da gine-gine, wanda akasari ake samowa daga Ordnance Survey, wato hukumar zana taswira ta Birtaniya da aka kafa a shekarar 1791. A kan wannan zane ne ƙaramar hukuma take ɗora nata bayanan, kowane irin wuri da alamarsa. Mai nema yakan fara da rubuta lambar gidan waya ta unguwarsu, sannan ya zaɓi abin da yake buƙata. Daga nan sai kwamfuta ta jero masa wurare mafi kusa da shi. Idan ya latsa wata alama, zai ga adireshin wurin da lokutan buɗewa.

To sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su. Na farko shi ne iyaka, domin kowace hukuma abin da ke hannunta take nunawa. Landan kaɗai tana da ƙananan hukumomi 32, ban da tsohon birni, don haka ɗakin karatun da ya fi kusa da mutum yana iya kasancewa a wata hukumar, ya kasa ganin sa. Haka kuma, tsarin da aka kafa a shekarar 1974 ya raba aiki gida biyu a yankuna irin su Kent, inda aka ba majalisar yanki makarantu da ɗakunan karatu, aka bar wa majalisun gundumomi kwasar shara.

Na biyu shi ne nisa. Lambar gidan waya guda takan haɗa gidaje kamar 15, saboda haka alamar da ta fito ba lallai ta tsaya a ƙofar gidan mai nema ba. Wannan yana da muhimmanci ga iyaye, domin idan masu neman makaranta suka fi guraben da ake da su yawa, sau da yawa nisa ne yake raba gardama, kuma 'yan mitoci kaɗan sukan hana yaro gurbi. Don haka ma'aunin ofishin ɗaukar ɗalibai shi ne abin dogaro.

Na uku shi ne doka. Dokar 1964 ta wajabta wa hukumomi samar da ɗakunan karatu, amma dokar lafiya ta 1936 dama kawai ta ba su ta gina ban-ɗaki, ba ta tilasta musu ba. Wannan ne ya sa ban-ɗaki yake cikin abubuwan da akan rufe idan kuɗi suka yi ƙaranci. Idan ba a gyara taswira da wuri ba, tsoho ko mai ciwon sukari yana iya zuwa ya tarar da ƙofa a garƙame.

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ingancin taswirar ya dogara ne ga bayanan da ma'aikata suka shigar. Saboda haka ya kamata mai nema ya duba taswirar hukumar da ke maƙwabtaka da tasu, ya kuma tabbatar da lokutan buɗewa kafin ya kama hanya.