Hoton Duna a Damtse: Kafin Ka Miƙa Fatarka ga Allura

Ɗan yayana, ɗan aji biyar a wata sakandare a Dandin Mahe, ya shafe zango guda yana zuwa makaranta da hoton kan kare a damtsensa. Da biro yake zanawa. In ya yi wanka ya goge, sai ya sake. Karen shi ne Duna, wanda ya raine tun yana ɗan kwikwiyo, yake raka shi gona, yake tsare awakin gidansu da dare, har ranar da wata mota ta take shi a bakin titi. Da na je hutu, yaron ya faɗa mini ya gaji da sake zane kullum, yana son wanda ba ya gogewa, irin tatun da yake gani a waya. Wani abokinsa ma ya yi masa alkawarin yi masa kyauta, da allurar ɗinki da tawadar biro.

Ban yi masa dariya ba, don son da yake yi wa Duna na gaske ne. A Amurka da Turai mutane da yawa na sa a zana musu fuskar karensu ko sawun ƙafarsa a jiki, musamman bayan ya mutu. Kare ba ya cika wuce shekara 10 zuwa 13, don haka duk mai kiwonsa ya san za su rabu.

Mu ma ba baƙin zanen jiki ba ne. Tsagar gado takan nuna asalin mutum tun bai buɗe baki ba, kamar ta Gobirawa, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Akwai kuma jarfa, wadda ita ce ta fi kusa da tatu: wanzami ya yi ƙananan tsaga da aska, ya shafa baƙin tukunya, in wurin ya warke ya bar zane baƙi. Ku dubi fuskokin kakanninku mata da kyau, za ku ga wasu na ɗauke da ita shekara hamsin bayan an yi, ta ɗan dusashe amma tana nan.

Me ya sa biro ke gogewa, jarfa ba ta gogewa? Fatar mutum hawa-hawa ce. Ta sama, wadda biro ke taɓawa, kullum tana mutuwa tana zubewa, cikin kusan wata guda ta sabunta. Allurar tatu kuwa takan ratsa ta, ta ajiye tawada a hawa na biyu, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, inda jijiyoyin jini suke. Jiki na ɗaukar tawadar a matsayin abokiyar gaba, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su taho su haɗiye ta. Amma ba za su iya narkar da ita ba, sai su zauna a wurin da ita a cikinsu. In sun mutu, wasu sababbi su sake haɗiye ta. Wato zanen da ake gani yaƙi ne da jiki bai gama ba. Cire shi sai da na'urar hasken leza, zama bayan zama, da zafi da kuɗi mai yawa, kuma a baƙar fata irin tamu yakan bar wurin ya yi fari-fari ko ya ƙara duhu.

Tunda allura na taɓa jini, duk abin da ke jinin wanda aka soka kafin kai zai iya shiga naka. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Najeriya, ya fi ƙanjamau saurin yaɗuwa ta wannan hanya, kuma ƙwayarsa na iya rayuwa mako guda a busasshen jini a jikin allura. Goge ta da tsumma ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe ta. Ga tetanus, ga ruɓewar miki, ga tabon nan mai tasowa kamar tudu, wanda ya fi kama baƙar fata. Mai irin wannan jiki, maimakon kan kare, sai ya tashi da ƙullutu.

Sai maganar gobe. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 24, ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba tatu ko tsaga. Rundunar sojan Najeriya kuma takan sa rashin tatu cikin sharuɗɗan ɗaukar sababbin ma'aikata, kuma a wurin tantancewa ana duba jiki. Yaron nan namu tun yana firamare yake cewa NDA ta Kaduna zai shiga. Da na faɗa masa wannan, ya daɗe bai ce komai ba.

A ɓangaren addini, yaron ya zaci son karen ne laifin, ba zanen ba. Al'amarin kusan akasin haka ne. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya tsine wa mai yin jarfa da wadda ake yi wa, shi ya sa malamai suka haramta zane mai dawwama. Kare kuwa, an halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, Suratul Kahfi ta ambaci karen da ya kwanta a ƙofar kogo tare da samarin nan, kuma hadisi ya ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi. Duk wanda ya taɓa ganin mafarauta sun fita da rani, ya ga yadda mutum ke raba ruwan gorarsa da karensa, ya san wannan ƙauna ba daga waya muka koye ta ba.

'Yan mata za su ce ai ga lalle. Gaskiya ne, jan lalle na gargajiya a fatar sama yake tsayawa, ya goge cikin mako biyu zuwa uku. A dai yi hattara da baƙin lalle na zamani, don sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rina gashi mai suna PPD, wanda ke sa wasu ƙuraje da bororo.

Abin da ya fi damuna shi ne, cikin shekarun da Duna ya yi a gidan, ba a taɓa yi masa allurar rigakafin haukan kare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Ana yin rigakafinsa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a jira a ga ko karen zai haukace.

Kafin in dawo, na saya wa yaron takardar zane da fensir. Hoton Duna yanzu yana manne a bangon ɗakinsu, kuma gaskiya ya fi na damtsen kama da shi, don a can da hannu ɗaya yake zanawa a karkace. Karyar maƙwabtansu ta haihu, an yi masa alkawarin kwikwiyo ɗaya. Ya tambaye ni yaushe za a iya yi masa allurar, na ce in ya cika wata uku, kuɗin mota zuwa wurin likitan dabbobi kuma a kaina.