Wane Ne Ma'aikacin Gwamnati?

A Daura da Zango da Baure, duk mai jiran albashin hukuma a ƙarshen wata ma'aikacin gwamnati ake ce masa, ko malamin firamare ne, ko ɗan sanda, ko kansila. A wurin doka kuwa, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Sashe na 318 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bambanta rukuni biyu. Akwai ma'aikatan da ke tafiyar da mulki a ma'aikatu da ofishin gwamna ko na shugaban ƙasa, tun daga masinja mai kai fayil har zuwa babban sakatare. Sannan akwai babban rukunin masu yi wa hukuma aiki, wanda ya haɗa da waɗannan da sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan kotu da na hukumomi irin su Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura.

Dattawan Daura kuwa, da wani suna suka saba, wato ma'aikacin En'e. A zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, ma'aji da malaman haraji da 'yan doka da alƙalai duk a ƙarƙashin sarki suke, albashinsu daga baitulmali yake fitowa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babin En'e. Matakan albashi daga 01 zuwa 17 rahoton kwamitin Udoji na 1974 ne ya kawo su.

Inda bambancin ɗan siyasa da ma'aikaci ke da amfani ga talaka shi ne wajen sanin wa zai riƙe. Kansila da ciyaman da kwamishina siyasa ce ta kawo su, wa'adi na cika su kama gabansu. Ma'aikaci kuwa da takardar ɗaukar aiki ya shigo, kuma bisa ƙa'ida sai ya yi shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 da haihuwa zai yi ritaya. Gwamnoni da dama sun wuce tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, amma takardar fili da fayil ɗin fansho suna nan a hannun ma'aikata. Saboda haka mai bin kadin hakkinsa a sakatariya ya fara da sanin teburin da fayil ɗinsa ya kwana, da jami'in da alhakin sa hannu ke wuyansa.