Masu Neman Digiri na Biyu a Saikoloji, Ku Daina Kwanan Zaune

Kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fara sayar da fom na digiri na biyu, sai wata tsohuwar magana ta farfaɗo a tsakanin masu neman gurbi a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji. Wai jarrabawar shiga ba ta buƙatar dogon shiri. Wai malamai maimaita tambayoyi suke yi, don haka mutum ya nemo na shekarun baya, ya bari sai saura mako guda, ya tanadi goro da kofi, ya yi ta kwanan zaune yana haddar amsoshi. Har da masu cewa ai fannin ma hira ce, duk wanda ya zauna da mutane zai iya amsawa. Na gaji da jin wannan magana. Abin da ya fi ɓata min rai kuwa, daga bakin waɗanda suka yi shekara huɗu suna karanta yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu take fitowa.

Ita jarrabawar ba wata ɓoyayya ba ce. Wasu jami'o'in ƙasar nan kan tara masu nema su ba su tambayoyi a rubuce, wasu su haɗa da ganawa baki da baki. Mai son Amurka kuma yana iya cin karo da GRE ta fannin saikoloji, wadda hukumar ETS ke shiryawa. Tun 2023 a kwamfuta ake yin ta, tambayoyi kusan 144 cikin awa 2, ka ga kowace tambaya ba ta samu minti ɗaya cikakke ba. Ta taɓo aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da tunani da koyo, da zamantakewa, da girman ɗan Adam daga jariri zuwa tsufa, da cututtukan ƙwaƙwalwa, da hanyoyin bincike da awo. Ba kowace jami'a ce ke nemanta ba yanzu, saboda haka a tambaya kafin a zubar da dala. Amma jerin nata ya isa ya nuna faɗin gonar da wani yake so ya nome a dare bakwai.

To, mu koma kan kwanan zaunen. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya jira, sannan ya auna abin da ya rage. Bayan awa ɗaya fiye da rabin wahalarsa ta tafi a banza, bayan kwana ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya saura. Ya kuma gano cewa in aka rarraba bita a kan kwanaki, ta fi zama a kai fiye da a zuba ta gaba ɗaya a zama guda. Wannan darasin aji ɗaya ne. Ɗalibi zai rubuta shi a jarrabawa ya ci maki, ya fito ya saɓa masa a daren ranar.

Akwai wanda ya fi wannan kusa da mu. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a Jami'ar Washington da ke St. Louis, sun ba ɗalibai wani ɗan rubutu. Wasu suka yi ta karanta shi har zagaye huɗu. Wasu suka karanta zagaye ɗaya, aka karɓe takardar, suka rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 cikin ɗari da kashi 71. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatu suka faɗo 40, masu rubutawa da ka suka tsaya a 61. Kuma da aka tambaye su tun farko, masu maimaita karatun ne suka fi sakankancewa za su tuna. Nan ne tarkon yake. In ka karanta shafi sau huɗu, idonka ya saba da shi, sai zuciyarka ta ce maka ka iya. Sabon ido daban, sani daban, kuma ba ka gane bambancin sai an juya takardar tambaya a gabanka. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu 10. Ja wa layi kala da sake karanta shafi suna cikin na ƙasa. Biyu kawai suka samu babban matsayi: gwada kai, da rarraba karatu a kan lokaci.

Mu da muka tashi kusa da tsangaya bai kamata a ce sai Bature ya faɗa mana wannan ba. Gardi ba ya haddace Alƙur'ani a mako guda. Kullum yana tilawa ba tare da duba allo ba, yana koma wa na baya, har ya kai ga satu, ya rubuta da ka, malam ya duba ya gyara masa inda ya kauce. Mai digiri ne kaɗai ya ga ya fi ƙarfin wannan haƙuri.

Sai barci. Tun 1924 Jenkins da Dallenbach suka nuna a Jami'ar Cornell cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi riƙe ta a kan wanda ya zauna a farke, kuma binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa cewa a cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya. Mai kwanan zaune yana zuba karatu, yana kuma hana shi zama. Kofin da aka sha da ƙarfe goma na dare, kusan rabin sinadarinsa yana nan a jini har ƙarfe uku. Masu ƙarawa da tiramol kuwa, wai don ido ya bushe, su ji tsoron Allah. Ƙwayar tana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma kama jiki take yi. Wanda yake neman gobe ya zauna a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Dawanau yana ba 'yan shaye-shaye shawara, da wane baki zai yi?

Tsofaffin tambayoyi fa? Suna da amfani, amma ba irin wanda ake zato ba. Matsalar tana wajen amsoshin da ake bugawa a jikinsu, waɗanda ba a san wanda ya rubuta ba, ake ta hoto ana turawa a WhatsApp. Ilimi yana tafiya. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, DSM, ya watsar da tsarinsa na rukuni biyar tun bugun 2013, an sake yi masa gyara a 2022. A Najeriya, dokar mahaukata ta 1958 ta kau a Janairun 2023, da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda ya haddace amsar takardar da aka buga shekara goma da suka wuce, kuskure ya haddace, da ƙarfin gwiwa kuma zai rubuta shi.

Ga masu cewa hira ce, ga tambaya ɗaya. Yaro ya fashe da kuka a bakin shago, uwar ta saya masa alewa, ya yi shiru. Gobe ya sake, ita ma ta sake. Me ya faru a ilimin masanin saikoloji Skinner? A wajen yaron, an ƙarfafa kukan ta hanyar ba shi abin da yake so. A wajen uwar, an ƙarfafa sayen alewar ta hanyar ɗauke mata abin da ke damunta, wato kukan. Ɗalibai da yawa za su kira na biyun horo, alhali horo rage ɗabi'a yake yi, wannan kuwa ƙara ta ya yi. Wanda ya haddace ma'ana kawai, da an canza masa shago zuwa aji ko asibiti, shi ke nan ya ɓata.

Abin yi shi ne a fara da wata uku, in an samu huɗu ya fi. A je sashen da ƙafa a tambayi tsarin jarrabawar, kada a dogara da ji-ta-ji-ta. A ranar farko a ɗauki tsohuwar takarda a amsa ta a rufe littafi, da agogo a gefe, don a ga inda rami yake. A riƙe babban littafi ɗaya na shimfiɗar fannin. In kuɗi sun yi wuya, OpenStax na Jami'ar Rice suna da littafin saikoloji da ake saukewa kyauta. Awa ɗaya da rabi kullum, bayan Asuba ko bayan Isha, ta fi awa goma ranar Lahadi. In an gama babi a rufe shi, a ɗauki farar takarda a rubuta matakan girman ɗan Adam 4 na Piaget da 8 na Erikson, da sassan ƙwaƙwalwa da aikin kowanne, sannan a buɗe a gyara da jan biro. A koma wa babin bayan kwana ɗaya, bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Mai wayar Android yana iya sa manhajar Anki ta riƙa tuna masa, wanda ba shi da ita ya yanka kwali, tambaya a gaba, amsa a baya. A samu abokan karatu biyu ko uku, kowa ya koyar da babi ba tare da duba takarda ba. In zaman ya koma hirar ƙwallo da siyasa, a watse.

Kada a gudu daga ƙididdiga, don a nan aka fi zubar da maki, kuma digiri na biyu ba ya ƙarewa sai da kundin bincike. A san bambancin matsakaici da adadin tsakiya, a san cewa ma'aunin alaƙa daga -1 zuwa +1 yake tafiya kuma alaƙa ba ta tabbatar da sanadi, a san abin da 0.05 ke nufi, a iya bambanta ma'aunin da ke ba da sakamako iri ɗaya kullum da wanda ke auna ainihin abin da aka ce yana aunawa. Waɗannan da biro ake koyonsu, ana warware misalai, ba da ido ba. Turanci ma a gyara shi, domin da shi za a amsa.

Gaskiya ne akwai rashin wuta, da aiki, da hidimar gida, musamman ga mata masu goyo, kuma su ma hujja ce ta a fara da wuri.

Mako na ƙarshe na bita ne, ba na sabon babi ba. A yi cikakken gwaji sau biyu a daidai lokacin da za a shiga jarrabawar. A nemi takardar cikakken sakamako daga tsohuwar jami'a tun ranar da aka sayi fom, don tana iya ɗaukar watanni, a haɗa ta da shaidar hidimar ƙasa da wasiƙun malamai. A tanadi jimla uku ko huɗu kan abin da ake son bincikawa, saboda ganawar baki. Daren jarrabawa a rufe littafi da Magariba, a ci tuwo, a kwanta da wuri, a saita ƙararrawar waya.