Kukan Kunne da Ciwon Muƙamuƙi: Gaskiya da Jita-jita a Malam Inna

Kukan kunne, wanda likitoci ke kira tinitus, shi ne mutum ya riƙa jin ƙara ko fito ko ƙugi alhali babu abin da ke yin ƙarar a waje, kuma ba cuta ce mai zaman kanta ba, alama ce ta wata matsala da ke wani wuri a hanyar ji. Wani nazari da aka buga a 2022, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya a duniya suna jin sa. A unguwa irin Malam Inna da ke Gombe, inda ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe suka cuɗanya da magidanta, janareto da injin markaɗe ke ta ruri, matasa kuma ke wuni da abin sauraro a kunne, sanadinsa mafi yawa ba ɓoyayye ba ne: ƙara mai ƙarfi tana kashe ƙananan ƙwayoyin halitta masu karɓar sauti a can cikin kunne, waɗanda idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Camfin cewa idan kunne ya yi kuka wani ne ke ambaton mai kunnen ba ya cutar da kowa. Jita-jitar da ke cin kuɗin jama'a ita ce ta ƙwayoyin ƙara lafiya da ake tallatawa a kemis, a Facebook da WhatsApp, musamman na ganyen ginkgo, da sinadarin zinc, da melatonin, tare da alkawarin cewa za su kashe ƙarar cikin makonni. Ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar da ƙa'idar aiki a 2014 wadda ta shawarci likitoci kada su rubuta waɗannan don kukan kunne, kuma bitar da cibiyar Cochrane ta yi wa gwaje-gwajen ginkgo ba ta sami hujjar amfaninsa ba. Bugu da ƙari, ginkgo yana iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan asfirin ko maganin tsinka jini. Lambar NAFDAC da mai talla ke nunawa a jikin kwali ba shaida ce cewa maganin yana warkar da kunne ba. Inda ƙarin sinadari ke da gurbi shi ne idan gwajin jini ya nuna ƙarancinsa, kamar ƙarancin jini ko na bitamin B12, kuma a nan ƙarancin ake yi wa magani.

Ɗiga man zaitun, ko man habbatus-sauda, ko ruwan tafarnuwa ba ya kaiwa inda matsalar take, domin dodon kunne ya tare hanya, idan kuwa dodon ya huje to abin da aka ɗiga zai iya jawo kumburi da ruwa. Sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza kuwa tura dauɗa ciki yake yi.

Maganar da mutane da yawa ke ɗauka shaci-faɗi, alhali gaskiya ce, ita ce alaƙar muƙamuƙi da kunne. Gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai tana gaban ramin kunne kaɗan, kuma saƙonnin jijiyoyinta suna haɗuwa da na ji a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa wasu ke lura cewa ƙarar tana sauyawa idan suka cije haƙora ko suka buɗe baki sosai. Mai irin wannan yakan ji zafi yayin tauna, ko ƙas-ƙas a gaɓar, ko ya tashi da safe muƙamuƙinsa a ɗaure saboda cizon haƙora cikin barci, wanda damuwa ke tsananta shi. A nan ne kula da kai ke da amfani na haƙiƙa: a ɗan jingine goro, cingam, rake, aya da kilishi, a koma ga abinci mai laushi, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a tallafe haɓa yayin hamma, kuma a saba barin haƙoran sama da na ƙasa ba su haɗe ba in ba tauna ake yi ba. Mafi yawan masu ciwon gaɓar suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba, wasu kuma ƙarar kunnen tana raguwa tare da ciwon, ko da yake ba kowa ba.

Gaskiya ne kuma cewa wasu magunguna suna jawo kukan kunne, irin su kwinin, asfirin mai yawa, da allurar jentamaisin, wadda illarta kan zama ta dindindin, amma bai kamata mai shan maganin da likita ya rubuta ya daina ba sai ya koma ya faɗa masa. Ga ƙarar da ta zauna, abin da aka tabbatar yana rage damuwarta shi ne na'urar ƙara ji ga wanda jinsa ya ragu, da zama da ƙwararre kan sarrafa tunani, wasu kuma sukan sami barci idan suka bar fanka ko rediyo a kunne ƙasa-ƙasa.

Akwai alamomin da ba sa jiran gwada magani a gida: ƙara a kunne ɗaya kawai, ƙara mai bugawa daidai da bugun zuciya, jiri, ruwa daga kunne, ko muƙamuƙin da ya ƙi rufuwa. Mafi gaggawa shi ne ɗaukewar ji farat ɗaya, domin maganinsa ya fi aiki cikin makonni biyu na farko, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro da kuma na haƙori inda ake duba irin waɗannan.